Idan Ɗan Sanda Ya Yi Sallama a Ƙofar Gida

Ba kowane zuwan ɗan sanda gidan mutum ne kamu ba, ba kuma kowanne ne bincike ba. Sau da yawa yakan zo ne hannu rabbana, ba tare da wata takarda ba. Wani lokaci tambaya ce ta kawo shi game da satar da aka yi a makwabta, wani lokaci ya zo ganin gidan wanda ya ce zai tsaya wa wani beli, ko ya kawo labarin haɗarin mota, ko kuwa ya zo ya ce ana son ganin maigida a ofis. Irin wannan zuwa shi ya fi yawa, shi ne kuma wanda jama'a suka fi jahiltar hukuncinsa. Wasu da zarar sun ga kaki sai jikinsu ya ɗauki rawa, su buɗe kowane ɗaki, su amsa abin da aka tambaye su da wanda ba a tambaye su ba. Wasu kuwa sai su ɗauka tun da gidansu ne suna iya zagin jami'i, ko su tara masa samarin unguwa. Duka biyun suna jawo wa kansu wahalar da sanin doka kaɗan zai raba su da ita.

Abin da ya kamata kowane magidanci ya riƙe shi ne, doka ce take buɗe wa ɗan sanda ƙofa, kakinsa ba ya buɗe ta. In doka ta buɗe masa, babu mai ikon rufewa. In ba ta buɗe ba, to, matsayinsa a bakin ƙofa matsayin baƙo ne.

Mutanen Maiduguri sun fi kowa bukatar a sake tuna musu wannan magana, domin sun yi shekaru cikin halin da ya sa aka manta da ita. Tun daga rikicin watan Yuli na 2009, da kafa rundunar haɗin gwiwa a 2011, da dokar ta-ɓaci da aka sa a jihohin Borno da Yobe da Adamawa ranar 14 ga Mayu, 2013, birnin ya saba da dokar hana fita, da shingayen bincike, da killace unguwa ana bin ta gida gida. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ranar 16 ga Maris, 2016, 'yan ƙunar baƙin wake biyu sun kai hari masallacin Umarari, wajen Molai a bakin gari, lokacin sallar asuba, mutum fiye da 20 suka rasu. Wanda ya ga irin wannan rana ba ya bukatar a koya masa amfanin taimakon jami'an tsaro. Amma dokar ta-ɓacin nan ta ƙare tun watan Nuwamba na 2014, kuma yaron da aka haifa a Umarari a shekarun tashin hankali yau ya zama saurayi, bai taɓa jin cewa ana iya tambayar mai kaki abin da ya kawo shi ba. Saboda haka misalan da ke cikin wannan takarda daga Umarari aka ɗauko su, ko da yake hukuncinsu ɗaya ne daga Sakkwato har Kalaba.

Tushen haƙƙin

Kare martabar gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Ginin gidan Bahaushe da na Babarbare kansa ya nuna haka: akwai zaure inda baƙo yake tsayawa, akwai cikin gida inda ba ya wucewa sai da izini, har wasu sukan rubuta "ba shiga" a jikin bango. Musulmi sun san umurnin neman izini kafin shiga gidan wani da ke cikin Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28. Dokar Ingila, wadda da yawa daga dokokin ƙasar nan suka samo asali daga gare ta, ita ma ta tsaya a kan haka tun shari'ar John Entick ta 1765, lokacin da manzannin sarki suka fasa gidan wani marubuci suka kwashe takardunsa bisa umurnin wani babban minista, kotu ta ce umurnin minista ba doka ba ne, ta sa aka biya shi diyya.

A yau sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 shi ne ya ba kowane ɗan ƙasa tabbacin sirrin kansa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa ta waya. Sashe na 45 kuma ya ba da damar a rage wannan haƙƙi saboda tsaron ƙasa, ko zaman lafiyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu, amma da sharaɗin a rage shi ta hanyar doka rubutacciya. Manyan dokokin da suka yi wannan aiki biyu ne: Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 wadda aka sa wa hannu a watan Satumba na shekarar. Ta 2015 tana aiki ne a kotunan tarayya da na Abuja, jihohi kuma, har da Borno, sun kafa nasu bisa tsarinta. Lambobin sassan da za a ambata nan gaba na dokokin tarayya ne. A dokar jiha lamba tana iya bambanta, ma'ana dai tana tafiya kusa da juna.

Baƙo a zaure

Alal misali, a ce wani magidanci a Umarari yana zaune bayan la'asar sai ga 'yan sanda biyu sun yi sallama, ɗaya da kaki, ɗaya da farin kaya. Bayan gaisuwa, ba laifi ba ne ya ce: "Yallaɓai, daga wane ofis kuke, kuma me ke tafe da ku?" Ba laifi ba ne ya nemi ganin katin shaidarsu, musamman na mai farin kaya, ya kuma rubuta suna da lamba. Dokar 2020, a sashe na 50, ta wajabta wa ɗan sanda kafin ya binciki mutum ya faɗi sunansa, da ofishin da yake aiki, da abin da yake nema, da dalilinsa, ya kuma kasance cikin kaki ko yana ɗauke da katin shaida a fili. In doka ta nemi haka a kan titi, babu dalilin da zai sa jami'in kirki ya ji haushi don an tambaye shi a ƙofar gida. Wannan tambaya ma kariya ce ga rundunar kanta, domin ɓarayi da masu satar mutane sun sha yin shigar 'yan sanda, kuma sojan gona da kakin hukuma laifi ne babba.

In suka ce magana kawai suka zo yi, babu takardar kotu, babu wanda suka zo kamawa, to maigida ne mai zaɓi. Yana iya shimfiɗa musu tabarma a zaure, yana iya tsayawa da su a waje, yana iya cewa su saurara a kira Bulama ko wani dattijon makwabci. Kiran Bulama hikima ce ko da babu wata fargaba: shi ya san mutanen unguwa, galibi kuma ya san 'yan sandan yankin da fuska, zamansa a wurin yakan hana gardama daga baya a kan wa ya ce me. Sai dai a lura, Bulama shaida ne. Ba ya iya ba da izinin shiga gidan da ba nasa ba, haka Lawan, haka hakimi.

Wanda ya ce wa 'yan sanda "bismilla" ya ba su izini ke nan, kuma izinin yana da iyaka daidai da yadda ya ba da shi. Izinin zama a zaure bai kai ga tsakar gida ba, izinin tsakar gida bai kai ga buɗe akwati ko ɗaga katifa ba. Wanda ya ba da izini yana iya janye shi, ya ce maganar ta isa haka. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, irin waɗanda suka cika a Maiduguri tun da jama'ar ƙauyuka suka yi hijira zuwa cikin gari, kowane ɗan haya shi ne mai ɗakinsa, yardar mai gidan hayar ba ta tsaya a madadin tasa ba. Haka nan ba daidai ba ne a nemi izini wurin ƙaramin yaro ko almajirin da aka tarar a ƙofa, a ce an sami yardar mutanen gida.

Akwai abu biyu da jama'a ba su cika lura da su ba a nan. Na farko, ɗan sanda ba ya daina zama ɗan sanda don ya zauna a tabarma ya sha ruwa. In idonsa ya faɗa kan bindiga, ko buhun tabar wiwi, ko babur ɗin da aka ba da cigiyarsa, zuwan ya sauya daga ziyara ya koma aiki nan take, domin ya sami dalilin zargi mai ƙarfi. Na biyu, maganar da mutum ya faɗa da bakinsa ba tilas, ko a zaure ne cikin raha, ana iya kawo ta gaban alƙali. Don haka wanda aka zo tambayarsa a matsayin shaida, abin da ya dace ya faɗi gaskiyar abin da ya sani, kada ya ƙara da zato ko jita-jita, domin zaton mutum ɗaya ya sha kwanar da wani a ofis. Wanda kuwa ya fahimci shi ake zargi, yana da damar ya ce ba zai yi bayani ba sai ya ga lauya ko wani da ya amince da shi. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ba duk wanda aka kama ko aka tsare wannan dama, kuma yin shiru irin wannan ba raini ba ne.

Wayar hannu tana cikin wannan hukunci. Baƙon da bai da ikon buɗe akwati bai da ikon karɓar waya ya bi saƙonnin da ke ciki. Sufeto Janar na 'Yan Sanda ya gargaɗi jami'ansa a kan binciken wayoyi da kwamfutocin jama'a ba bisa ƙa'ida ba a farkon watan Oktoba na 2020, 'yan kwanaki kafin a rushe rundunar SARS ranar 11 ga watan.

"Ana son ganinka a ofis"

Wannan ita ce kalmar da ta fi tayar da hankalin iyali. Gayyata ba kamu ba ce, wanda aka gayyata yana iya tambayar wa yake nemansa, a wane ofis, kan wace magana, ya kuma roƙi a ba shi a rubuce da rana da lokaci. Yana iya tafiya da ƙafarsa, da rana, tare da ɗan'uwa ko lauya. Amma kada kowa ya mai da gayyata abin wasa. Doka ta ba 'yan sanda ikon binciken laifi da neman bayani wurin duk wanda ake ganin ya san wani abu, kuma wanda ya yi ta zille wa gayyata yakan ba su hujjar zuwa da takardar kamu. In kuwa jami'i ya ce, "Dole ka bi mu yanzu," ya hana mutum komawa cikin gida, to wannan kamu ne ko da an kira shi da wani suna, dukkan haƙƙoƙin kamamme sun hau kansa daga wannan lokaci: a faɗa masa dalili, a sanar da danginsa ba tare da ya biya kome ba, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace a cikin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu ko gwargwadon abin da kotu ta ga ya dace. A Maiduguri kotuna suna cikin gari. Laifin da hukuncinsa kisa ne kaɗai Tsarin Mulki ya ware daga wannan ƙayyadadden lokaci.

In an zo neman mutum ba a same shi ba, ba a tafiya da matarsa, ko mahaifinsa, ko ƙanensa don ya fito. Sashe na 7 na dokar 2015 da sashe na 36 na dokar 2020 sun haramta kama wani a madadin wani a fili ƙarara. Wannan mummunar al'ada ta daɗe, shi ya sa har yanzu wasu tsofaffi suke ganin kamar haka doka take.

In sun zo da takarda

Takardar kotu, wadda aka fi sani da waranti, iri biyu ce: ta kamu da ta bincike. Alƙali ko majistare ne yake sa hannu a ta kamu, bayan an kawo masa ƙara bisa rantsuwa, kuma dole ta nuna kwanan wata, da sunan wanda ake nema ko siffarsa, da laifin da ake zarginsa. Ta bincike kuma tana iya fitowa daga alƙali, ko majistare, ko mai riƙe da muƙamin J.P. wanda doka ta ba wannan iko, tana nuna wurin da za a bincika da abin da ake nema. Takardar gayyata mai hatimin caji ofis ba waranti ba ce. Maigida yana da haƙƙin ya karanta, ko a karanta masa cikin harshen da yake ji, ya duba ko gidansa ne aka rubuta. In ta tabbata, aikinsa ya buɗe ƙofa. Doka ta yarda a zartar da waranti kowace rana, kowane lokaci, har ranar hutu, ta kuma yarda a fasa ƙofa in an nemi shiga an hana. Game da takardar kamu akwai wata dama da aka ba ɗan sanda: yana iya kama mutum ko takardar ba ta hannunsa a lokacin, muddin an riga an bayar da ita, sa'an nan a nuna wa kamammen da zarar ya yiwu.

Amma shi kansa binciken yana da ladabinsa. Sashe na 149 na dokar 2015 ya ce a yi shi gaban shaidu biyu, a rubuta jerin duk abin da aka ɗauka, shaidu su sa hannu, a ba wanda aka bincika kwafi. Kada kowa ya yarda a fita da kayansa ba a rubuta ba, ko da agogo ne. Mace ce take binciken jikin mace, sai in akwai lalurar gaggawa da ta hana. In kuwa ɗakin na matar kulle ne, wadda bisa addini ko al'ada ba ta fita cikin maza, dole a sanar da ita tukuna, a ba ta sarari ta yi lulluɓi ta koma gefe, kana a shiga. Wannan tanadi yana da tarihi: yana cikin Dokar Tsarin Shari'ar Laifuffuka ta Jihar Arewa ta 1960, wadda aka yi zamanin Sardauna Sir Ahmadu Bello bisa samfurin dokar Sudan, ita kuma ta Sudan ta ɗauko daga ta Indiya, inda aka daɗe da sanin kulle. Tsohuwar dokar nan ta ce ma shaidun biyu su kasance mutanen kirki mazauna unguwar.

Akwai kuma al'adar aiki mai kyau, wadda tsofaffin 'yan sanda suka sani: kafin jami'i ya shiga bincike yakan nuna hannuwansa da aljihunsa ga shaidu, don kada daga baya a ce shi ya shigo da abin da aka samu. Maigida yana iya roƙon a yi haka cikin ladabi.

Inda ba a jiran takarda

Wani ɓarawo ya ƙwace waya a bakin titi, ya ruga ya faɗa wani gida, 'yan sanda na biye da shi. Ba wanda zai ce su koma kotu neman takarda. Sashe na 12 na dokar 2015 ya ce in jami'in da ke da ikon kama mutum yana da dalilin gaskata cewa mutumin yana cikin wani gida, wajibi ne mazaunin gidan ya ba shi hanya. In ya ƙi, bayan jami'in ya bayyana kansa da abin da ya kawo shi, yana iya shiga da ƙarfi, tare da kiyaye haƙƙin matar kulle kamar yadda aka faɗa. Haka nan in ana jin ihu a cikin gida, ana dukan wani ko ana neman ransa, aikin ɗan sanda ne ya shiga ya hana. Wannan iko na neman mutum ne ko na ceton rai, bai zama lasin bin akwatunan gida ba. Wasu hukumomi kuma dokarsu ta ba su iko na musamman, kamar hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, NDLEA, wadda aka kafa a 1989, jami'anta suna iya shiga su bincika wuri ba waranti in suna da dalilin zargin akwai ƙwaya a ciki.

Iyakar wuri da iyakar magana

Sau da yawa akan ji mutum yana cewa, "Ai waɗannan ba 'yan sandan yankinmu ba ne, ba su da iko a nan." Wannan tunani gadon zamanin da ne. Kafin mulkin soja akwai 'yan sanda iri biyu a Arewa: na gwamnati, watau Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya da aka haɗe wuri ɗaya a 1930, da kuma 'yan doka na En'e, magadan dogarai, waɗanda ikonsu ya tsaya a iyakar ƙasar sarkinsu. Ɗan dokan En'en Borno ba shi da ta cewa a Kano. Bayan 1966 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta haɗe 'yan doka cikin rundunar tarayya, Tsarin Mulkin 1979 da na 1999 kuma suka tsaya a kan runduna ɗaya, na 1999 a sashe na 214. Rabon da aka yi na shiyya, da jiha ƙarƙashin Kwamishina, da yanki ƙarƙashin Baturen 'yan sanda, rabon aiki ne. Birnin Maiduguri ya ratsa ƙananan hukumomi biyu, Maiduguri da Jere, da caji ofis da dama, amma ikon ɗan sanda ba ya yankewa don ya tsallaka titi. Jami'in da ya taso daga Kano ko Abuja da waranti ingantacce ɗan sanda ne a Umarari. Sai dai tsarin aikin rundunar shi ne baƙin jami'ai su fara sanar da ofishin yankin da suka shiga. Saboda haka in baƙin fuska suka zo tafiya da mutum wata jiha, daidai ne iyali su nemi a bi ta caji ofis na kusa a rubuta, su kuma aika wani ya bi su har can. In sun ƙi bi ta kowane ofis, a gaggauta sanar da Baturen 'yan sanda na yankin.

Iyakar wuri ta gaske ita ce iyakar ƙasa. Borno ta yi iyaka da Nijar da Chadi da Kamaru, ikon ɗan sandan Nijeriya yana ƙarewa a kan iyakar, haka kuma jandarman waɗancan ƙasashe ba shi da ikon kama kowa a Maiduguri. Miƙa wanda ake nema tsakanin ƙasa da ƙasa aikin gwamnatoci ne da kotuna.

Iyakar da aka fi ƙetarewa kuwa, kuma wadda ta fi shafar ziyarar da ba takarda, ita ce iyakar magana. Aikin ɗan sanda laifi ne: hana shi, binciken shi, kama mai yin shi, da kare rai da dukiya. Bashi, da kuɗin haya, da cinikin da ya lalace, da rigimar iyakar fili, da gado, da sadaki, da riƙon 'ya'ya bayan saki, duk na kotu ne, ko kotun shari'ar Musulunci, ko majistare, ko Babbar Kotu, ko kuwa sulhun dattawa. Sashe na 32 na dokar 2020 da sashe na 8 na dokar 2015 sun hana kama mutum don saɓanin da ba laifi ba ne ko don saɓa yarjejeniya kawai. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta faɗi haka tun 2003 a shari'ar McLaren da Jennings, inda ta ce karɓo bashi ba ya cikin ayyukan 'yan sanda. Duk da haka ana ganin ɗan kasuwa a Kasuwar Monday ya bi wani kuɗin buhunan wake, maimakon ya yanko sammaci sai ya ɗauko abokinsa kofur su je gidan mutumin "a yi magana". Kofur ɗin nan a wannan zaure ba shi da ikon da ya wuce na kowane ɗan rakiya, wanda ya ɗauko shi kuma yana iya samun kansa cikin masu biyan diyya in aka tsare mutumin. Gaskiya ne wani bashin yana ɗauke da zamba a ciki, kamar wanda ya karɓi kuɗin fili alhali ya san filin ba nasa ba ne. Wannan laifi ne, 'yan sanda suna da hurumi a kansa, amma hurumin bincike da kai wa kotu, ba na tilasta wa mutum sa hannu a takardar biya ba.

Sauran masu kaki

Soja yana taimakon hukumar farar hula ne in Shugaban Ƙasa ya kira shi, bisa sashe na 217 na Tsarin Mulki, kuma rigimar makwabta ko ta miji da mata ba ta cikin abin da aka kira shi yi. 'Yan ƙato da gora, waɗanda suka tashi a 2013 suka taimaka ƙwarai wajen tsabtace unguwannin Maiduguri, jama'a ba za su manta da sadaukarwarsu ba. Amma ikonsu na kamu, in ba suna tare da jami'an hukuma ba, irin na kowane ɗan ƙasa ne: yana iya riƙe wanda ya yi laifi a gabansa ko wanda yake da dalilin zarginsa da babban laifi, ya miƙa shi ga 'yan sanda ba da jinkiri ba. Bincike gida, da tsare mutum, da cin tara, da bulala, doka ba ta ba 'yan banga ko ɗaya ba.

In an ƙetare iyaka

Bakin ƙofa ba wurin shari'a ba ne. Wanda ya ga ana shiga masa gida ba bisa ƙa'ida ba, ya faɗa a fili gaban shaidu cewa bai yarda ba, sa'an nan ya ja gefe. Kada ya kai hannu, kada ya bari samari su tare hanya. Dukan ɗan sanda ko hana shi aiki laifi ne mai zaman kansa, kuma mai bindiga a hannu in ya tsorata ba a san inda abin zai tsaya ba. Kada kuma wani ya zaci bincike marar ƙa'ida yana wanke mai laifi. Tun shari'ar Musa Sadau ta 1968 Kotun Ƙoli ta karɓi shaidar da aka samu a binciken da bai cika sharuɗɗa ba, Dokar Shaida ta 2011 kuma ta bar wa alƙali ya auna tsakanin amfanin shaidar da munin hanyar da aka samo ta.

Gyara yana zuwa ne daga baya, kuma yana zuwa. Maiduguri tana da misalin da ya shiga littattafan lauyoyi. Ranar 24 ga Janairu, 1980, jami'an shige da fice suka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, suka fitar da shi zuwa Chadi bisa umurnin Ministan Harkokin Cikin Gida, wai shi ba ɗan ƙasa ba ne. Suna da takarda, takardar ma daga minista. Babbar Kotun Maiduguri ta duba ta ce mutumin ɗan Nijeriya ne, korarsa ta saɓa wa Tsarin Mulkin 1979, ta yanke masa diyyar naira 350,000, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta tabbatar da cewa korar haramtacciya ce. Ƙofar da ya bi tana nan a buɗe: sashe na 46 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba duk wanda aka taɓa haƙƙinsa, ko ake shirin taɓawa, damar kai ƙara Babbar Kotu, sashe na 35 kuma ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. In an haɗa da duka ko azaba don a tatsi magana, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗauri har na shekara 25 ga wanda ya aikata.

Ba kowace magana ce sai ta kai kotu ba. Ana iya fara kai kuka ga Baturen 'yan sanda na yankin, in bai yi kome ba a wuce ofishin Kwamishina. Rundunar tana da sashen karɓar koke-koken jama'a tun 2015, akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda mai ikon ladabtar da jami'ai, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995, wanda ba shi da kuɗin lauya kuma akwai hukumar taimakon marasa ƙarfi a shari'a tun 1976. Belin 'yan sanda kyauta ne, mace ma tana iya tsaya wa mutum. Duk inda za a kai kukan, abin da za a fara tambaya shi ne rana da lokaci, da sunan jami'i ko lambarsa, da lambar motar da suka zo da ita, da ofishin da suka ambata, da sunayen waɗanda suka gani da idonsu. A rubuta waɗannan a daren da abin ya faru, in maigida bai iya rubutu ba ya sa ɗansa ɗan makaranta ko malamin unguwa ya rubuta masa, ko da ajami ne, a ajiye tare da kwafin jerin kayan da aka ɗauka.